Jirgin Karan Kawu

Shekaranjiya na fasa karan dawa zan gyara darnin bayan gida, sai ƙamshin totuwar ya buge ni. Ƙamshi ne maras ƙarfi, mai ɗan zaƙi-zaƙi, kamar na rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Na aje wuƙar na zauna bisa turmi. In a ƙauye ka tashi, kai ma ka san shi. Ni dai duk inda na ji shi, kawuna nake gani gurfane a inuwar zaure, da ƙayar aduwa a bakinsa.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, a wani ƙauye yamma da Gazawa, tafiyar hantsi a kan jaki. Kawu shi ne ɗanta na fari. Ya yi shekaru a Yamai yana lebura a filin jirgin sama, yana wanke jirage, yana miƙa wa makanikai kayan aiki. Da ya dawo bai zo da keke ba, bai zo da rediyo ba, sai akwatin ƙarfe ɗaya da labari. Mutanenmu kuwa in ka dawo daga tafiya hannunka suke fara duba, kafin su saurari bakinka.

Mu yara duk mun iya jirgin kara. Bayan girbi mukan fere totuwa, mu gicciya ta, mu soke a tsinin sanda, mu yi ta gudu muna ƙugi da baki. Ba wanda ya taɓa zaton ya tashi. Wata rana a gindin ceɗiya, inda manya ke zama, kawu ya karɓi nawa ya juya shi, ya ce ba inji ne kaɗai ke ɗaga jirgi ba, sirrin yana ga yadda aka lanƙwasa fiffike. Ya ce ko da kara aka yi shi, in an yi shi daidai, iska za ta ɗauke shi.

Taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya raga masa, ya kwashe da dariya.

"Direban sama! To tashe shi mana mu gani. In ya tashi, ni zan bi shi da gudu in kamo maka."

Aka yi ta dariya, sunan kuma ya bi shi. Ko mata a bakin rijiya Direban sama suke cewa. Abin ya wuce wasa, domin kawu so yake ya zauna gida ya buɗe rumfar gyaran keke da fitila a kasuwa, kuma ba mai miƙa kayansa ga wanda gari ya ɗauka maƙaryaci.

Wata guda ya yi yana aikin. Yakan shiga gona ya zaɓi kara ɗaya cikin ɗari, ya auna shi a tafin hannu, ya jingine shi a rana har ya bushe ƙayau. Ɓawon karan yake tsagawa siriri ya gasa a bakin murhu, ya lanƙwasa haƙarƙarin fiffike. Ƙaro ya jiƙa ya zama manne, ƙayar aduwa ta zama ƙusa. Farfelar daga icen dashi ya sassaƙo ta, robar da za ta juya ta kuma ya yanko daga cikin tsohuwar tayar keke, zare-zare. A ƙasan akwatinsa akwai wata takarda mai shara-shara da ya zo da ita daga Yamai, wadda in ka ɗaga ta kana hango yatsunka. Da ita ya rufe jikin jirgin, ta isa cif, ko guntu bai rage ba.

Kawu ba mai bayani ba ne in yana aiki. Sau da yawa nakan ga ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fukafukai, ya zuba masa ido, ya ɗan ƙara ƙaro a hanci, ya sake ɗorawa. Ni a zatona sha'awar aikinsa yake yi.

Ana gobe za a nuna wa jama'a, muka tafi da shi wata gona mai nisa da sassafe, raɓa na jiƙa mana ƙafa. Ya murɗa farfelar, ya saki jirgin. Ya tashi. Ya wuce tsayin gawo, ya yi kwana a hankali kamar shirwa, ya sauka bisa kunyar gona ba tare da ko ƙaya ta motsa ba. Ni kaɗai na gani. Kawu ya ce in riƙe bakina sai gobe.

Kakata tana kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In tuwonsa ya yi, ni take ce wa, "Kai wa wancan." In ya yi zazzaɓi, sai ta aiko ni da jiƙo, ta ce in ce maƙwabciya ce ta bayar. Washegarin gwajin da safe, kawu ya fita duba iska, ta kira ni ɗaki. Ta buɗe kwalla ta ciro laya ɗinkakkiya da jar fata, mai kauri kamar ɗan yatsa.

"Zo nan, mijina. Abin da zai yi tafiya ba ya fita gidan nan haka tsirara. Sa masa wannan a ciki. Kada wancan ya sani."

Daga baya na ji cewa tun lokacin da zai tafi Yamai ta sa aka yi masa ita, kunya ta hana ta bayarwa. Duk shekarun nan tana kwance a kwalla.

Na shiga zaure na yi ta tunanin inda zan sa ta. A hanci akwai wuri, amma na ga hanci ne ke fara taɓa ƙasa, ba zan so sunan Allah ya riƙa dungurar turɓaya ba. Kuma duk abin hawan da na sani, keke ne, doki ne, babbar motar kamiyo ce, a baya ake ɗaura guzuri. Sai na tsaga takardar ta ƙarƙashin wutsiya, na cusa layar, na liƙe da ƙaro. Na ɗauko jirgin da kaina zuwa gona, ina jin kamar na yi aikin lada.

Gari duk ya fito. Maza a gaba, mata can baya wajen shingen, har Fulanin da suka sauka da shanunsu cin kara sun matso sun dogara da sanduna. Kawu ya karɓi jirgin. Bai ɗora shi a yatsu ba. Ai jiya ya gama wannan. Ya murɗa, ya yi bismilla, ya saki.

Jirgin ya ɗaga hanci sama kamar ɗan akuya zai yi tunkuyi. Ya tsaya cak a iska, ya zamo da baya, ya kifa, ya daki kututturen kara. Ƙarar ba ta fi ta fashewar busasshen ƙoƙo ba.

"Direba!" in ji taubashin. "Fasinja sun sauka lafiya?"

Kawu ya durƙusa yana tsintar gutsattsarin. Na ga lokacin da wutsiyar ta buɗe, jar fatar ta faɗo a hannunsa. Ya dube ta. Ya dube ni. Sannan ya ɗaga kai ya dubi wajen shingen, inda kakata ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Da ya ɗaga layar nan sama ya nuna, da ya wanke kansa nan take. Amma da uwarsa za a koma yi wa dariya, wasu kuma su ce yana ɗora wa sunan Allah laifi. Ya dunƙule hannu ya sa a aljihu.

"Ku yi haƙuri," ya ce. "Ban iya ba."

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Na roƙe shi ya sake wani, ya ce takardar ta ƙare. Kafin sanyi ya fita ya ɗauki akwatinsa ya tsallaka iyaka. Mun ji labarinsa a Kano, daga baya wani mahajjacin ƙasa ya ce ya gan shi a hanyar Sudan. Daga nan shiru. Kakata ta rasu ba ta kama sunansa ba.

Ni kuwa lakol, makarantar boko, ta ɗauke ni, aikin injinan rijiya ya yi ta yawo da ni. Na zauna Agadas, na zauna Abijan, na yi shekaru a Aljeriya har Larabcina ya fi Zabarmancina. A Faransa ne, wata Lahadi, na ci karo da wasu tsofaffi a fili bayan gari, kowa riƙe da ɗan akwatin rediyo mai sanduna biyu, suna sarrafa ƙananan jirage a sama. Na tsaya kallo. Sai ga ɗayansu ya ɗora nasa a kan yatsu biyu, ya manna ɗan guntun dalma a hanci. Na tambaye shi. Ya ce in nauyi ya koma baya ko kaɗan, jirgi zai miƙe tsaye ya faɗo. In kuwa a tsakiya ka sa kayan, daidai ƙarƙashin fukafukai, ba zai ma san da su ba. Tazarar da ke tsakanin inda na sa layar da inda ya kamata in sa ta ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Mutumin ya ga na zauna a ciyawa, ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Su tsofaffin nan itace maras nauyi suke saye daga ƙasashe masu nisa. Samarin Kano na gani suna yanka nasu daga farin soson da ake kunshe firiji. Na gwada duka, kuma har yau ban ga abin da ya fi totuwarmu biyayya ga wuƙa ba. Da na aje aiki na dawo gida, na haɗa nawa: ɗan inji, batir da rediyo na kawo daga waje, jiki da haƙarƙari kuwa kara ne daga gonarmu.

Cikin manyan da suka tsaya a gonar nan, taubashin kawu kaɗai ya rage, ya tsufa tukuf, idonsa ya tafi. Na sa aka ɗauko shi a amalanke. Na tashi jirgin, ya karkata kunne yana bin kukansa.

"Yana sama?"

"Yana sama, Baba. Kuma na kara ne. Na kawu ma ya tashi, ni na gani. Ni na lalata shi." Na kwashe labarin layar na gaya masa.

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ai mun sani, ɗan nan. Kwana uku da tafiyarsa, kai kana can lakol, tsohuwa ta fito har gindin ceɗiya, ta faɗa da bakinta a gaban maza. Sai muka ce in ya dawo da damina mu ba shi haƙuri. Ni har rumfa na kama masa a kasuwa." Ya share fuska da hannun riga. "Damina nawa ke nan?"

Yanzu yaran ƙauyenmu in jirgina ya tashi waya suke ɗagawa su ɗauki hoto, kafin ya sauka an gani a Maraɗi. Ba mai musu, ba mai sai an rantse masa. Abu ne mai kyau, ba na ƙi. Amma ranar nan na bar jirgin yana ta kewaya mu har batir ya kusa ƙarewa, domin tsohon ya ce kada in sauke shi tukuna.