Malama Bara'atu, mai gaida ƙafa

Shekara talatin da ɗoriya, rana ba ta taɓa fitowa ta riga Malama Bara'atu isa ƙaramin asibitinmu na Darini ba. Ta share baranda, ta ɗora ruwan zafi, sannan ta fara kiran mutane. Duk wanda ya je da tari ko zazzaɓi, in ta gama sauraron ƙirjinsa sai ta ce ya cire takalmi. Ta durƙusa, ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafarsa. Matan gari suka laƙaba mata Mai-gaida-ƙafa. Ni ma na sha yi mata dariya, ina cewa ciwo a maƙogwaro, bincike a diddige, wannan wane irin karatu ne?

Shekarar korona na daina dariya. Mahaifina, Salmanu mahauci, ya yi kwana goma yana fama da mura mai sarƙe numfashi. Ya soma samun sauƙi, har ya nemi fura. Rannan da hantsi ƙafarsa ta hagu ta ɗauki ciwo farat ɗaya, ta yi sanyi kamar gindin randa. Muka ce ai ragowar sanyin murar ne ya sauka ƙasa. Muka hura gawayi a kasko muna gasa ta, aka aika a kira wanzami ya yi ƙaho.

Ana cikin haka Malama ta yi sallama, don al'adarta ce bin marasa lafiyarta har gida. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta janye kaskon. Ta taɓa ƙafar dama, jijiya na bugawa. Ta taɓa ta hagu, shiru.

"Baba Salmanu, wannan ba sanyi ba ne," in ji ta. "Murar nan kan sa jini ya yi guda, gudan ya toshe jijiyar da ke ciyar da ƙafa. In la'asar ta same mu a gidan nan, sai dai a yanke ta."

Baba ya ce shekararsa arba'in yana riƙe da wuƙa, ba mai kai shi Katsina a ɗora masa ita. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ɗaga mata murya, na ce ta bar mu da abin da muka gada. Sai ta dubi Baba, ta faɗa masa abin da ba mu taɓa sani ba: mijinta Abdulhakim, can garinsu Zakka, haka aka gasa tasa ƙafar kwana uku bayan wata mura, da hannunta ta riƙa hura wutar. An yanke ƙafar, shi ma bai tashi ba.

Baba ya ce a nemo mota. Ita ta zauna kusa da shi har Katsina. Likitoci suka fitar da gudan jinin. Ɗan yatsa ɗaya ya rasa, ƙafar na nan, da ita yake zuwa mahauta.

Ke ce, Malama, kika haɗiye dariyarmu shekara da shekaru ba ki taɓa gaya mana dalili ba. Watan jiya kika yi ritaya kika koma Zakka, wallahi garin ya yi mana faɗi. Na gode, Baba ya gode. Allah ya jiƙan Abdulhakim, ya ba ki lafiyar cin hutunki.

Makon jiya tari ya mayar da Baba asibitin. Sabuwar malamar, mai kirki ce, ta duba ƙirjinsa ta rubuta magani. Baba ya cire takalmi ya miƙe ƙafa yana jira. Ta tsaya tana kallonsa, ba ta gane ba. Ya mayar da takalminsa ya dawo gida, ranar ko fura bai sha ba.

Ku ma'aikatan asibitocin ƙauyukanmu, daga Batsari har Safana, ku ɗauki wannan ɗabi'a, yatsu biyu ne kawai. In kuma wani tsoho mai yatsun ƙafa tara ya cire takalmi a gabanku, don Allah ku durƙusa ku taɓa. Malama Bara'atu yake nema.