Gwajin Alhamis na Hajja Dije

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya same ni. Ina tsaye ina jiran ruwan shayi ya tafasa, wayata ta yi ƙara. Ummu Salim ce, maƙwabciyar Hajja Dije a unguwar Hindawiyya. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ya waladi, Hajja ta tafi."

Na kashe gas, na zauna a ƙasa.

Yawancinku ba ku san ta ba. Ni ma da nake wannan rubutun, sau ɗaya tak na taɓa ganin fuskarta. Amma tun da na zo Jidda, babu muryar da na sani kamar tata.

Masu tambayata kullum wane aiki nake yi a Saudiyya, to ga shi yau. Wani ƙaramin kamfani ne mai kula da tsofaffin da ke zaune su kaɗai. Ana ajiye musu akwati a ɗaki, a rataya musu jan maɓalli a wuya. In tsoho ya faɗi ko numfashi ya yi masa wuya, sai ya danna, akwatin ya kira ofishinmu, mu yi magana da shi, mu tura taimako. Ni ina cikin masu ɗauka.

A da, akwatin da wayar gida yake aiki, irin mai igiyar nan. Kuma akwai ƙa'ida: duk mako tsoho zai danna sau ɗaya don a tabbatar layin na da rai. Ya ce gwaji ne, mu ce mun ji, shi ke nan.

Ranar Hajja Alhamis ce.

Farkon kiranta da na ɗauka, na yi mata Larabcina na koyo, mai karkace-karkace. Can sai na ji ta ce, "Kai yaro, wannan Larabcin naka da daddawa aka dafa shi. Ɗan wane gari ne?"

Wallahi sai da na waiga bayana. Na daɗe ban ji Hausa ba in ba ta waya da gida ba. A ɗakin da kamfani ya ba mu can wajen Abhur, mu huɗu ne, kowa da yarensa, kowa da wayarsa a kunne.

Na ce, "Funtuwa, Hajja."

Ta ce, "To na yi miji. Daga yau kai ne angona, sai ka fara tanadin goro."

Tun daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinta ba. Ango kawai. Ni kuma na ce amarya ta tsufa, sai an rage mini sadaki. Ta yi dariya har da tari.

A bayan mahaifiyarta ta shigo ƙasar nan, goye, lokacin da ake tahowa aikin Hajji ta ƙasa. Ba ta taɓa komawa ba. Mijinta ya rasu, ɗanta ɗaya da ta haifa shi ma ya riga ta. 'Yar ƙanenta da ke Riyad ce ta sa aka saka mata akwatin.

Ƙasar Hausa a wurinta labarin mahaifiyarta ce kawai. Sai ta riƙa tambayata abubuwan da ni kaina sai na tambayi kakata. Har yanzu mata na kaɗi? Ana yin gayya in za a yi yaɓe? Wai da gaske ne ɗinya ta fi dabino zaƙi?

Na ce a'a, Hajja, wannan kam an zuga ki.

Ta ce, "Rufe mini baki, uwata ba ta ƙarya."

Gwajin da ya kamata ya ƙare da kalma biyu, sai ya kai mu har shayina ya huce. "Ango, gwaji ne," haka take farawa. Daga nan sai labarin magen da ta haihu a ƙarƙashin bene, da mai baƙala, wato mai kantin unguwa, da ya sayar mata da tumatir ruɓaɓɓe, da gwiwarta da ke sanar da ita za a yi sanyi.

Shugabanmu ya sani. Yakan wuce ya ce, "Yalla, yalla," wato in yi sauri, amma bai taɓa hanawa ba. Ni kuma duk yadda aka juya duti, sai na roƙa a bar mini safiyar Alhamis.

Lokacin da iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, ta maƙale, na rasa barci, na rasa wanda zan gaya wa. Ban ce mata komai ba, daga gaisuwa ta gane. Ta ce, "Muryarka ta faɗa, Ango. Waye ya taɓa min kai?" Na gaya mata. Ta ce in bar mata. Mako na zagayowa, kafin ta ce gwaji ne sai da ta ce, "Ya takardar?"

Da azumi ta aiko mini da yaji ta hannun direbanmu, a cikin kwalbar nescafe, an ɗaure bakin da leda. Har yanzu akwai saura a gindin kwalbar.

Sai canji ya zo.

Aka ce tsofaffin layukan waya za a daina aiki da su, komai ya koma intanet. Akwatunanmu na dā ba za su ƙara kira ba. Aka kawo sababbi masu sim a ciki, ba ruwansu da igiya. Aka shiga bi gida-gida ana musanyawa.

Ba zan zagi sabuwar na'ura ba, don na ga amfaninta da idona. Ko tsoho bai danna ba, in ya faɗi tana ganewa ta kira da kanta. Ko wuta ta ɗauke tana aiki. Kuma ita ke gwada kanta, shiru, ba sai an dami kowa ba. Mu a ofis sai dai mu ga ɗigon kore a sikirin kusa da sunan mutum.

Ma'ana, ba sauran gwajin Alhamis.

Da mai sakawa ya je gidan Hajja, ta ƙi buɗe ƙofa. Ta ce ba namijin da zai shigar mata ɗaki sai da izinin mijinta. Mutumin ya dawo ofis a ruɗe, ya ce ai a takarda an rubuta mijinta ya rasu. Aka yi ta dariya, aka ce in shirya in raka shi.

Ranar na fara ganinta, kuma ranar ce ganin ƙarshe.

'Yar ƙaramar tsohuwa, ta sha lalle, ta sa turare. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Haba! Duk muryar nan ashe a jikin tsinke take? An cuce ni."

Ta yi tuwo da miyar kuka. Ban san inda ta samo kukar ba. Ta zauna a gefe tana kallona ina ci, in na ɗaga kai ta ce, "Ci, ba kallona aka aiko ka ba."

Mai sakawa ya gama aikinsa, ya yi mata bayani da Larabci, a hankali, da ladabi. Ya ce, "Halas ya Hajja, kin huta. Ba sai kin ƙara dannawa ba, sai in wani abu ya same ki."

Ta ce, "To Alhamis fa?"

Ya ce ai na'urar ta ɗauke mata wannan wahalar.

Ta dube ni. Na dubi kwanon tuwo.

Da zai naɗe tsohon akwatin ya tafi da shi, ta dafa shi da hannu. Ta ce a bar mata, a kai take ajiye carbinta. Ya ce ba komai, dama zubarwa za a yi.

A bakin ƙofa ta ce mini, "Ango, ka riƙa cin abinci. Kuma in ka je gida ka ɗanɗana mini ɗinya, ka faɗi gaskiya."

Bayan nan ta taɓa danna sabuwar sau ɗaya. Yanzu kira duk wanda ke sarari yake faɗa wa, ba a zaɓe. Wani abokin aikina ya ɗauka, ya tambaye ta ko lafiya, ko a turo mota. Ta ce ma'alesh, a yi haƙuri, kuskure ne. Ba ta ƙara ba. Kun san tsofaffinmu da kara, ba za ta yarda a ce ta tayar da hankalin mutane a banza ba.

Wayar gidan kuma an yanke. An saya mata ta hannu, idonta ba ya ganin rubutun, yatsanta ba ya jin shafar gilashi. Nakan kira ta wayar Ummu Salim a kai mata. Sai ta gaishe ni a gurguje ta ce, "To Ango, mai waya na tsaye." Ta miƙa.

Alhamis ta zama kamar kowace rana. Na daina roƙon dutin. In na zauna aiki nakan nemo sunanta, in ga kore, in ce to alhamdulillahi.

Jiya Alhamis ina hutu, ina ɗaki ina wanki. Da hantsi Hajja ta faɗi a ɗakinta. Na'urar ta kira da kanta, motar asibiti ta zo da wuri, an yi duk abin da ya kamata. Kwana ne ya ƙare. Da asubar yau ta cika.

An yi mata sallah bayan Juma'a. Masallaci cike, mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba suka yi mata addu'a. Maƙabarta kuwa mu ƙalilan ne muka raka ta.

Da muka dawo na tsaya yi wa Ummu Salim gaisuwa. Ta nuna mini ɗakin. Tsohon akwatin na nan kan tebur, an goge shi tas, igiyarsa na lilo ba a haɗe da komai ba.

Ta ce, "Ka san duk Alhamis sai ta danna wannan? Ta katanga nake jin ta. Ta ja kujera ta zauna, ta yi ta magana da yarenku, har da dariya. Na ce mata ya Hajja, wannan fa ba ya aiki. Ta ce ta sani."

Jiya ma abin da take yi ke nan. Ta gama, ta yunƙura za ta tashi daga kujerar, ƙafa ta ƙi.

Daga can ofis na wuce. Mu'utaz, abokin aikina ɗan Sudan, shi ya ɗauki kiran jiya. Ya ce tun jiya abin na damunsa, tsohuwar ta yi magana da yaren da bai sani ba, in zo in saurara in gaya masa ko wani saƙo ta bari. Shugabanmu ya ba da izini, aka kunna mini rikodin.

Da farko nishi kawai ake ji. Sai muryar Mu'utaz ta fito ta cikin na'urar, yana kiran Hajja, Hajja.

Sai ta ce, da wata ƙaramar murya, "Ango? Ashe kana jina?"

Mu'utaz bai san me ta ce ba. Abin da muke faɗa wa kowa ya faɗa mata, da Larabci: "E, uwata, ina jin ki. Ina tare da ke."

Ta ce, "To alhamdulillahi. Dama na ce."

Na cire abin kunnen na fita waje. Ban iya fassara masa ba sai da na dawo. Shi ma da ya ji, ya kifa kansa a tebur.

Ina kewarta, jama'a. Yau garin nan ya yi mini faɗi, ban san wa zan kira in yi wa Hausa ba.

In kana da tsoho a wani wuri, kira shi yau. Ba sai da dalili ba. In ya tambaye ka lafiya, ka ce gwaji ne.

Ya Allah, ga baiwarka Khadijatu ta zo maka ita kaɗai, kamar yadda ta zauna ita kaɗai. Kai ne mai jin wanda ba a ji. Ka gafarta mata, ka yalwata kabarinta, ka ɗebe mata kewa a cikinsa. Ka haɗa ta da mahaifiyarta da mijinta da ɗanta a Aljanna Firdausi. Ka saka wa Ummu Salim da Mu'utaz da alheri.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce haka nan. Ka tsaya ka roƙa mata rahama, ka kira sunanta a addu'ar. Hajja Dije ta Hindawiyya.