Man Gyaɗa a Wayar Totur

A gidanmu na gabas da Zakirai, in an gama tuwo, Iya kan jawo kujerarta bakin murhu, ta tura karan dawa a wuta, mu jikoki mu kewaye ta muna tonon gyaɗa a toka. Kakarmu ce ta wajen uba. Babu haƙori ko ɗaya a bakinta, amma harshen ya fi aska.

"Ga ta nan," in ji ta, "mai gyangyaɗi kuma ya tashi da wautarsa."

Da Sale take, taubashina, ɗan gwaggona, wanda tun a lokacin muka gane an yi kansa ne don ɗaukar tulu.

Wani mutum ne, in ji Iya, da ya tsani ƙara. Ƙyaurensa ya yi kuka, ya shafa masa mai, ya yi shiru. Shi ke nan, ya ɗauka ya gano maganin duniya. Rannan igiyar jakinsa na gugar turke tana ƙiƙi-ƙiƙi, ya jiƙa ta sharkaf da man gyaɗa. Ɓeraye suka ji ƙanshi, suka cinye igiyar, jaki ya faɗa gonar maƙwabci ya yi ta ɗibar gero har safiya. "Ƙurunƙus. A tashi wancan tulun ya tafi ɗaki." Mu kuwa mu yi ta yi wa mai jaki dariya.

Bara Sale, wanda yanzu ake ce wa Alhaji, ya sayo wata mota da ta girmi 'ya'yansa. Ba a jima ba totur ya fara maƙalewa: ya ɗage ƙafa, inji na ta ruri. Ni ban gama elemantare ba, amma na sha zama gaban mota, kuma wannan ma karatu ne. Na ce, "Alhaji, duba shimfiɗar ƙafa ko ita ke danne shi. In ba ita ba ce, leƙa sifirin da ke mayar da shi. In shi ma lafiya, waya ce, ka kai wa bakanike a Minjibir ya sauya."

Ya ce, "Kai da ko keke sai an riƙe maka?"

Ya shiga gida ya ɗauko kwalbar man gyaɗar matarsa, ya ɗura wa wayar totur har tana ɗiga. Abin haushi, ya yi aiki. Ya yi ta zaga ƙauye yana yi min hon. Shi bai san man miya in ya sha ƙasar hanyar gona danƙo yake komawa ba.

Bayan kaka na cika rumbuna da gero, abincin gidana na shekara, yana nan ƙofar gida inda ubana ya kafa shi. Ina zaune na ji rurin motar Alhaji ya doso rumbun.

Na ƙwala masa ihu, "Kashe makulli! Taka kuloci!"

Ina! Alhaji ya saki sitiyari yana salati da hannu biyu. Da ƙura ta lafa, rumbu ya dare, gero ya haɗu da ƙasa da baƙin mai, kajin unguwa kuma sun zo ta'aziyya. Ya fito ko ƙwarzane babu, ya karkaɗe hula ya ce, "Taubashi, wa ya ce ka gina rumbu a kan hanya?"

Tun muna yara na ɗauka Iya wawa take ja wa kunne. Sai da na tsuguna ina tsince gerona daga ƙasa na gane ashe da maƙwabcin take. Wawa ba ya jin tatsuniya, kuma ba daga rumbunsa ake biyan wautarsa ba. Shi ya sa sabon rumbun a bayan gida na kafa shi, katanga ta raba shi da Alhaji. Ya ce wai na ci zumunci. Na ce gara zumuncin, shi ba a yin tuwo da shi.