Rijiyar Wane

Shekarun baya, lokacin da aka samu mulkin kai, ina 'yar lakol, wato makarantar boko, a garinmu da ke tsakanin Cadawa da Gazawa. Garin yana ta faɗaɗa a lokacin saboda cinikin gyaɗa. Inda muke tsinkar yakuwa ya koma unguwa, baƙi suka yi yawa har mahaifiyata ta daina tambayar ɗan gidan wa ya wuce. In an yi baƙo, abin da ake nuna mashi bai wuce kasuwa ba, da buhunan gyaɗa da aka jibge a bakin hanyar mota, sai tsohuwar rijiyar da ke gindin tsamiya, wadda ruwanta ya sa aka fara zama a wurin. Kowa yana ce mata Rijiyar Wane.

Ni ma na ɗauka sunanta ke nan. Ashe kakana ne ya haƙa ta, ya rasu mahaifina yana goye. Kakata ba ta faɗin sunan mijinta, matan gidan ma suka bi ta, sai a ce "je ki rijiyar wane." Baƙi suka ji, suka riƙe, har sunan gaske ya ɓace daga bakin mutane.

Wata rana aka ce gwamnati za ta ɗaure bakin rijiyar da siminti, kuma mushe, malamin lakol ɗinmu, zai rubuta "Rijiyar 'Yanci" a jiki kafin ya bushe. Gari ya yi murna. Kakata kuwa ta bar furarta har ta tsinke. Mahaifina yana cin rani a Katsina, babu mai yin magana a madadinta. Ina tsince mata wake ta ce, ba ta ko dube ni ba:

"'Yar lakol, abin da aka rubuta a siminti, ruwa yana wanke shi?"

Na ce a'a. Ta ce mutum ya shiga rami da igiya a ƙugu, ƙasa na zubo mashi a ka, ga shi za a shafe shi da rana tsaka. Na tambaye ta sunan. Ta harare ni, ta ce ashe rashin kunya ake koya mana a lakol.

Ni yarinya ce da ko gaisuwa sai an ce in ɗaga murya. Amma ina da kallo. Ƙanena, a gida ba a kiran shi sai da Baba, kakata kuma ta ce mashi Maigida. Sai a lakol na fara jin sunan shi na yanka. Na kuma lura duk safiyar da kakata ta biyo ta bayan dannin lakol da ƙwaryarta, in mushe ya kira wannan suna, sai ta gyara lulluɓi ta ƙara sauri. Ban taɓa gaya wa kowa ba.

Ranar aikin, maza suka cika gindin tsamiya, mai gari yana kan tabarma, mu 'yan lakol an jera mu mu yi waƙa. Mata suna can baya. Magini ya shafe simintin sumul, mushe ya fiƙe tsinke. Na hango kakata ta riƙe gugar da ba ta da abin yi da ita.

Ban san lokacin da na fita daga layi ba. Na tsaya gaban mushe, ya ce mene ne, na buɗe baki, babu abin da ya fito. Wani ya ce ko fitsari take ji, aka yi dariya. Da ma ko muryar ta fito, yaya zan kira sunan kakana gatsal a gaban dattawa? Sai na durƙusa, na rubuta shi da yatsa a kan yashi, na nuna rijiyar.

Mushe ya karanta da ƙarfi. A baya, kakata ta ja lulluɓi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Mai gari ya dubi rubutun da ke ƙasa, sannan ya ce, "Allah ya jiƙan shi. Ni na riƙe mashi igiya. Ɗiyar wa ce wannan?"

Aka gaya mashi. Ya ce to 'yanci dai an same shi, amma kafin a same shi a nan aka sha ruwa, a rubuta duka biyun. Mushe ya rubuta nashi, ya miƙo mini tsinken ya ce jika ta fi shi hakki. Hannuna na rawa, harafin ƙarshe ya karkace kamar zai faɗa rijiya. Haka ya bushe.

Bayan kwana biyu kakata ta ce in raka ta ɗiban ruwa, alhali randunanmu a cike suke. Ta jira matan suka ragu, ta tsuguna, ta ce in nuna mata inda sunan ya fara. Na ɗora yatsanta a harafin farko. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, har ta kai ga karkataccen.

"Wannan mi ya same shi?"

Na ce hannuna ne ya yi rawa.

"Bar shi," ta ce. "Shi ma da ɗan ɗingishi yake tafiya."

Yau garin ya wuce rijiyar nesa, akwai famfo a unguwanni, tsamiyar ma ta tsufa. Rubutun yana nan, igiyoyi sun ɗan cinye gefen shi. Mutane kuwa har gobe Rijiyar Wane suke cewa, ban kuma taɓa gyara wa kowa ba. Da can ina ganin sunan nan rashi ne. Yanzu in na ji baƙon da bai san kowa ba ya faɗe shi, sai in ji kamar yana taya kakata kunyar mijinta.