Bugu Takwas na Baba Istifanus

Har gobe ban manta da ranar da manaja ta kwance ƙarfen cikin ƙararrawar gidanmu ba. Ku da kuka shigo kicin bana, ku ajiye waya ku saurara.

Gidan na tsofaffin ma'aikatan jirgin ruwa ne, can wajen Dagenham, ni ce mai girki. Farkon zuwana, Baba Istifanus, mutumin Filato da ya yi sojan ruwa a gida kafin ya bi jiragen kaya, ya miƙo min tsumma. Ya ce, "Hajiya, a jirgi kuku ke goge ƙararrawa."

Na ce, "Baba, da tukwane zan ji ko da ƙarfenku?"

"Da duka. Haka muka tarar."

Na goge. Shi ya koya min ma'anarta. A teku gadi awa huɗu ne, duk rabin awa a ƙara bugu ɗaya, kuma bibbiyu ake bugawa. In an kai takwas, mai gadi ya sauka ya huta. Shi ya sa in ɗayansu ya rasu, sauran sukan tsaya a buga masa takwas, wato ya gama gadinsa. Baba bai da kowa a London. Abin da ya roƙa ke nan kawai: "Ranar da na tafi, ki tabbatar an buga min."

Da sabuwar manaja ta zo, ta ce ƙarar na firgita marasa lafiya. Ta kwance ƙarfen, ta kulle a ofis. Ba muguwa ba ce, ba ta sani ba ne, ba ta kuma tambaya ba.

Da sanyi ya shigo, Baba ya rasu a asibiti. Na je wurin manajar, na yi bayani. Ta ce sai hedkwata ta amince. Abokansa biyu suka sa rigunansu masu lambobin yabo suna jiran a buga, aka ce an ɗage bugun, sai wani mako. Council, wato ƙaramar hukuma, ta binne shi. Kafin amsa ta zo, ɗaya cikin abokan ya bi shi lahira, ɗayan kuma 'yarsa ta ɗauke shi zuwa wani gari.

Ranar da izini ya iso, aka mayar da ƙarfen, ni na tsaya na buga, bibbiyu, har takwas, kamar yadda ya nuna min. Sababbin tsofaffin gidan suka fito da sandunansu suka nufi ɗakin cin abinci. Sun ɗauka abinci ne ya sauka. Na zuba musu, me zan ce?

Don haka in tsoho ya roƙe ku abu a gidan nan, komai ƙanƙantarsa, ku nemi izinin tun yana da rai, tun masu tsaya masa suna iya tsayuwa.