Baƙin Mai a Lambun Goggo

Shekara ashirin da shida Goggo Mai Alayyafo ta yi tana noma fegin da ke bayan gidanta. Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu da rijiya ɗaya, kuma da wannan ƙasa ta rene su. Mace ce mai faɗa, amma hannunta na da albarka. Maƙwabta kan ce ko tsintsiya ta soka a ƙasa sai ta yi ganye.

Ita da bakinta ta ba ɗan ƙanenta, bakanike, gefen filin ya kafa gareji. Duk motar da ya sauya wa mai, sai ya tuttular da baƙin man a gindin katangar da ta raba su.

Shekarar farko, layin alayyafon da ke jikin katanga ne ya yi rawaya. Ta ɗauka rashin taki ne, ta ƙara kashin kaji. A ta biyu iri ya ƙi tsirowa a rabin lambun. In ta yi ban ruwa, sai ruwan ya kwanta a sama yana ƙyalli, ya ƙi shiga. A ta huɗu bishiyar lemon tsaminta ta fara bushewa daga sama. Ta tona gindinta, ta tarar da saiwa baƙa ƙirin, tana warin gareji.

Malamin gona ya zo, ya murza ƙasar a tafin hannunsa. "Mai ya toshe ta, Goggo. Saiwa ba ta samun iska, ba ta shan ruwa. Ko yau aka daina zubawa, sai an yi shekaru."

Ta cika bokiti da ƙasar, ta zagaya zuwa garejin. Ta sami bakaniken a kan benci yana cin abincin rana.

"Ka san wannan?"

Ya yi dariya. "Haba Goggo, ɗan mai ne fa. Ai ƙasa shanyewa take yi."

Ta juye masa bokitin a cikin kwano. "To, shanye! Shekara huɗu abin da kake ciyar da lambuna ke nan. Ni na goya ka ranar da uwarka ke kwance, mara kunya!"

Kafin sati ya kwashe kayansa. Ƙanenta ya zo ban haƙuri, ta miƙa masa shebur, ta nuna masa inda zai fara kankarewa. Bai kai la'asar ba ya ce bayansa na ciwo, ya tafi.

Yanzu a buhuna take shuka, da ƙasar da take turowa a baro daga bakin rafi, gwiwoyinta na ƙara. Ta sare lemon da hannunta. Rabin fegin na nan tsirara, ko ciyawa ta ƙi shi.