Haƙorin Mai Jan Baƙi

Ƙanena ne ke jan baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarmu a Rano: shi zai karanto aya, Malam ya fassara wa jama'a. Murya dai Allah ya ba shi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Hankali ne aka raba ba ya nan.

Wata shekara bayan babbar salla babur ya kayar da shi a hanyar Kibiya, haƙorinsa na gaba ya karye, saura guntu. Shi ke nan iska ta samu ƙofa. In ya zo kan harafin sinun sai ka ji fito kamar na yaron da ke kiwon awaki. Malam ya ja shi gefe ya ce littafin Allah ba a karanta shi da gurgun harafi, ya gyara bakinsa kafin azumi, in ba haka ba a ba wani wurin.

Ni na raka shi Kano wurin wata likitar haƙori. Ta duba ta ce saiwar ba ta mutu ba, za a kifa wa guntun hula ta wani farin abu wai shi zakoniya. Ta ce abin yana da ƙarfi ƙwarai, da wuya ya fashe, amma guntun da ke ƙarƙashi ya riga ya ji jiki, kada ya kuskura ya ciji abu mai tauri da shi. Ina zaune ta faɗa. Rabin farko na maganar ya kwaso ya taho da shi gida, rabin ƙarshe ya bar mata a kujerarta.

Karatu ya dawo ras. Mai hankali sai ya yi hamdala ya kama bakinsa. Ina! Abin da ke cinsa ɗaya ne: haƙorin fari ne, ya saje da 'yan'uwansa, ba wanda ya san an yi aiki. Mu kuwa a nan in an sa haƙori don a gani aka sa shi. In alhaji ya dawo daga Makka ya yi murmushi, zinariya ta yi wal, kowa ya ce barka da sauka. Ƙanena kuwa ya yi ta wage baki a majalisa, ko kallo bai ishi kowa ba.

To, tunda ba a gani, sai a ji. Ya fara da busasshiyar aya, ya koma ƙashin kaza, har ya kai ga buɗe kwalbar lemo, samari na zuga shi.

Na ce, "Kai, malami guda kana buɗe kwalba da baki kamar ɗan tasha?"

Ya ce, "Yaya, ai zakoniya ce. Ku ba ku san kimiyya ba."

Ka ji sakarai.

Cikin Sha'aban muka je ɗaurin aure Durba. Ana raba dabino da goro, sai wani Alhaji mai haƙorin Makka ya ce masa cikin zolaya, "Malam, naka da ake ta labari, zai iya da ƙwallon dabino?" Na harari ƙanena, ya kau da kai. Ya ɗora ƙwallon daidai kan haƙorin ya datsa. Ƙas! Jama'a suka ɗauki kabbara, sun zaci ƙwallon ne. Ya tofa a tafin hannunsa: ga jini, ga ƙwallon dabino lafiyarsa ƙalau, ga hular da guntun haƙorinsa a cikinta.

Wallahi sai ya ɗaga ta sama yana cewa, "Kun gani ko? Ko tsagewa ba ta yi ba!" Kunya ta sa na rasa inda zan sa kaina.

Likitar ta ce saiwar ta rabe gida biyu, sai dai a cire, kuma ba abin da za a dasa sai dasashi ya warke. Watan azumi kuwa bai jira dasashin kowa ba. Aka ɗauko wani malami daga Zinyau, karatunsa daidai, muryarsa a bushe.

Ranar farko bayan la'asar ƙanena ya zauna kusa da ni can baya, cikin masu sauraro. Na so in ji tausayinsa, haushi ya hana ni. Da aka zo ayar da ya saba sa tsofaffi hawaye da ita, sai na ji yana bi a hankali, iska na fita ta wawulon. Na zungure shi na ce ya rufe mana baki, mutane na sauraron karatu.